Buhun Rufi

Bana ma an cire gyaɗa. Tun shekaranjiya ake shigo da harawa ana jibgewa a kan rumfar awaki, ƙanshinta ya cika gida, ga zafin nan na kaka da ke sa mutum gumi ko yana zaune a inuwa. Yara suna ta murna, suna gasa ɗanya a toka. Ni kuwa ƙanshin nan ba ya kawo mini komai sai ɓacin rai. Jiya har na yi wa matar jikana tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ta tsaya tana kallona, a zatonta rikicin tsufa ne. Ba shi ba ne. Wani baƙo ne ya zauna da maza a ƙofar gida, ina jiyo shi ta bayan katanga yana ta zuba, wai zamanin gyaɗa shi ne zamanin albarka, wai a Kano an yi dalar buhuna har ta kusa taɓa sama. Daga jin muryarsa ko haihuwarsa ba a yi ba a lokacin. Da ina da ƙafar fita, da na fita na tambaye shi ko ya taɓa ɗora buhu ɗaya a kansa.

Ni ban taɓa ganin dalar nan ba. Ƙanena Ilu ma bai taɓa ganinta ba, ko da yake Allah kaɗai ya san yawan buhunan cikinta da suka bi ta kan wuyansa.

Mu mutanen wani ƙauye ne a bayan Garo. Kakanninmu masu shanu ne, amma kafin mu yi wayo garken ya ƙare, mahaifinmu ya ajiye sanda ya kama fartanya. Abin da ya bar mana gona ce mai jigawa, sai doguwar ƙira marar nama. Ni aure ya kai ni Gwarzo. Da maigidana ya rasu na ƙi komawa ƙauye a riƙa ciyar da ni, na kafa murhu a bakin fuloti, filin da ake awon gyaɗa ana loda ta a manyan motoci zuwa Kano. Da safe koko da ƙosai, da rana dambu. Kowa a wurin Yaya Abu yake ce mini, har waɗanda a girme sun haife ni, don sun ji Ilu yana kirana haka. Duk kaka yakan baro matarsa Ladi a ƙauye ya zo ya sauka a zaurena, ya yi dako har kasuwar gyaɗa ta tashi.

Shekarar da nake ba da labari, damina ta yi mana wasa da hankali. Ruwa ya sauka da wuri, aka yi shuka, sai ya ɗauke. Muna kallo shukar ta fito ta ƙone. Aka sake, da hatsin da ya kamata a ci. Kafin gero ya kai gwiwa rumbuna sun yi wayam, in ka leƙa sai warin ƙasa da kashin ɓera. Na je ƙauye a tsakiyar damina na tarar da Ladi, goyo a baya ciki a gaba, tana dafa tafasa ta kwaɗa da gishiri kawai, ko ƙuli babu. Goyon yana kama nono yana saki yana kuka. Sannan marka ta zo da nata, sama ta ƙi buɗewa, itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika ɗakuna, katangu suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Geron bai yi abin kirki ba, ya yi tsawo babu ƙwaya. Amma gyaɗa ta yi. Ita jigawa take so, ta kuwa samu. Sai gari duka ya zuba mata ido, ita ce hatsi, ita ce haraji, ita ce zanen sallah.

Da ruwa ya ɗauke aka shiga cira. Gayya ake yi, yau gonar wannan gobe ta wancan, maza a sunkuye tun sanyin safiya, mata da yara suna bi suna tsinka. A shanya, a tara, sannan turame su fara. Duk gidan da ka wuce sai ka ji ƙas-ƙas ɗin ɓawo, don ba daka ake yi da ƙarfi ba, taɓawa ake a hankali kada ƙwayar ta fashe. A sheƙe, a zuba a mangala, jakuna su kama hanyar Gwarzo a jere. Yanzu inji ne ke ɓarewa, kafin ka gama gaisawa da mai injin an cika maka buhu. A lokacin kuwa tafin hannun kowace mace ya yi kanta. Ana cikin wannan hidimar aka ga watan azumi.

Wanda bai yi azumi a zafin kaka ba zai ce ai ba bazara ba ce. Bai sani ba ne. Zafin bazara busasshe ne, na kaka kuwa jiƙaƙƙe, ƙasa tana fitar da tururin ruwan da ta sha, iska ba ta motsi, gumi ba ya bushewa. Ga ciki bai gama farfaɗowa daga yunwar damina ba. Ni sana'ata ta koma yamma. Bayan azahar nake zuwa in ɗora kunun tsamiya in fara suya, saboda haka aikin la'asar duk a kan idona ake yinsa.

Ga yadda ake lodin. Buhun gyaɗa ɓararriya ya fi mai ɗaukarsa nauyi. Mutum biyu ne ke kama shi ta kunnuwa, su yi lilo da shi su wurga wa na uku, shi kuma ya tare da ka da wuya, gwiwoyinsa su ɗan lanƙwashe, ya miƙe. Daga nan ba tafiya ake ba, sassarfa ake, don in ka tsaya nauyin ya zauna maka. Sai ya hau wani dogon katako da aka jingina a bayan mota. Katakon yana lilo, kowane taki sai ya mayar wa mutum da nauyin a ƙugu. Tun motar ba ta cika ba abin da sauƙi, amma kaya na tashi ana ɗaga bakin katakon, har ya kusa miƙewa tsaye. Buhun ƙarshe, wanda ake ɗorawa can ƙololuwa kafin a ja tamfol, shi ake kira buhun rufi. Ba kowa ake ba shi ba. Sai a tsaya da aiki a kewaye motar, ana tafi ana yi wa mai ɗauka kirari, in ya kai direba ya cilla masa goro. Goro fa, ba wani abu ba.

Shekara da shekaru Ilu ne mai buhun rufi. Ba don ya fi su jiki ba. Tun ranar da ya fara zuwa suka sa shi a gaba da tsiya, wai Ɗan Fillo ya zo dako, wai wuyansa na ɗaukar ƙwaryar nono ne, a ba shi faifai ya rufe. Shi kuma bai iya mayar da magana ba, sai ya mayar da aiki. Inda wani zai huta shi ba ya hutawa. Har gashin tsakar kansa ya zube, wurin ya yi kanta kamar gwiwar raƙumi, bayan wuyansa ya yi tozo. Suka daina dariya suka koma kirari, shi kuma ya ɗauki kirarin nan ya sa a ransa fiye da tuwo.

Akwai kuma 'yan inuwa. Su ne waɗanda dako ya gama da su, suna zaune a gindin wata ceɗiya suna ɗinke bakin buhuna da basilla, babbar allurar nan. Wani ya ranƙwafe, wani yana jan ƙafa, wani wuyansa ba ya juyawa sai ya juyo da jiki duka. Abin da suke samu bai taka kara ya karya ba. Al'adar wurin kuma ita ce ba a roƙon basilla. Sarkin dako, wato shugabansu, shi ne in ya ga mutum ya ƙare zai kira shi gefe ya miƙa masa ita, wanda ya karɓa kuwa ya bar katako har abada. Namijin da ya buɗe baki ya nema da kansa ya shiga bakin 'yan fuloti, shi da 'ya'yansa. Saboda haka kowa ɓoye ciwonsa yake. Su ɗaure ƙugu tamau da tsohon rawani, su haɗiyi ƙwayar kashe gajiya da sahur, su fito suna washe baki.

Tun farkon azumi na ga Ilu ba daidai yake ba. Ya daina zuwa masallaci, yana sallah a zaure, wata rana na leƙa na gan shi yana yi a zaune. In zai tashi daga tabarma sai ya juya ya durƙusa, ya dafa bango, ya miƙe a hankali yana cije baki. Ya ce wani abu ne ke tasowa daga ƙugu ya bi bayan cinyar hagu har yatsu, kamar an zura masa waya mai zafi. Na gasa masa da ruwan zafi da tsumma, na shafa man shanu. Na kira wanzami bayan shan ruwa ya yi masa ƙaho, aka fitar da baƙin jini, ya ce ya ji sauƙi. Juma'a ta zo bai je ganin Ladi ba, wai aiki ya yi yawa.

Ran nan da la'asar ina juya ƙosai na gan shi ya sauko daga katako, takalminsa na hagu ya zame a bakin sikeli, ya ci gaba da tafiya abinsa. Ƙasar nan kuwa ta ɗauki rana, ga ɓawo ga ƙaya. Na je na ɗauko takalmin na ɓoye a ƙarƙashin faifai. Sai da aka sha ruwa muka koma gida na tare shi.

"Ilu, ina takalminka ɗaya?"

Ya dubi ƙafarsa ya ce, "Af."

"Af ɗin me? Tun la'asar kake yawo da ƙafa ɗaya a ƙasa ba ka sani ba."

"Gajiya ce, Yaya."

Ya ɗauki ƙwaryar kunu ya kafa kai. Na zaro tsinken tsintsiya na caka masa a bayan ƙafar, na caka da gaske har jini ya tsattsafo. Bai ko ɗago ba. Sai da ya shanye ya ga abin da nake yi, ya sa hannu ya janye ƙafar.

Na ce, "Ka bar katakon nan. Ka koma inuwa."

"Yaya, don girman Allah kada ki sake faɗin wannan."

"Na faɗa, in sake faɗa. Ƙafarka ta mutu kana gani."

"In na koma inuwa Ladi ta ci me? Gero babu, ga haihuwa tafe."

"Ta ci kaɗan. Ni ma ina nan, murhuna bai mutu ba. In ka nakasa fa, ta ci me?"

Ya murza gwiwa. Can ya ce, "Ki bari a yi sallah. Bayan sallah zan huta." Sannan ya ƙara da abin da ya fi damunsa, a hankali, ba ya kallona. "So kike su ce dama sun faɗa? Su ce ai Ɗan Fillo ne?"

Haushi ya kama ni. Mutum da ƙafa a mace, yana tunanin bakin 'yan fuloti.

Washegari da hantsi na ƙulle goro a ganye na tafi gidan Sarkin dako. Mace ba ta shiga maganar fuloti, na sani, amma ban ga wata hanya ba. Na same shi a zaure a kishingiɗe, ƙaton mutum mai tumbi, rabonsa da ɗaukar buhu tun ina amarya.

"Salamu alaikum. Sarki, barka da hantsi."

"A'a, Yaya Abu ce? Maraba, maraba. Ina kwana? Ya ibada?"

"Alhamdu lillahi. Ya iyali? Ya fama da jama'a?"

"Sai godiya. Ya kasuwa? Jiya kununki ya cika tsami, na ce ko fushi kike da mu."

Na ajiye goron a gabansa na ce na shan ruwa ne. Sannan na gaya masa komai, har zancen tsinken. Na ce, "Ba shi ya aiko ni ba, bai ma san na zo ba. Abin da nake roƙo, ka kira shi gefe ka ba shi basilla kamar kai ka gani da idonka. In daga wurinka ta fito zai karɓa. Amma don Allah, don Annabi, kada sunana ya fito."

Ya jinjina kai yana ta "Allah sarki, Allah sarki." Ya ce, "Ilu ai ɗana ne. Je ki kwantar da hankalinki, an gama."

Na fito ina yi masa addu'a. Har yau in na tuna addu'ar nan sai bakina ya yi ɗaci.

Abin da ban kawo a raina ba shi ne, a kwanakin 'yan dako sun ragu. Azumi ya kwantar da wasu, wasu sun gudu ƙauye, ga Alhajin da ke da fulotin yana ta faɗa a kwashe kaya kafin sallah. Sarki ba shi da wanda zai ba buhun rufi in ba Ilu ba. Kuma ya san Ilu kamar yadda mai jaki ya san jakinsa, ya san inda zai taɓa.

Ranar an yi rana ta fitar hankali. Bayan la'asar leɓunan maza duk sun yi fari, ba mai magana, sai nishi da ƙarar katako. Motar ƙarshe ta kusa cika. Ilu yana ɗauka, amma ina ganin yadda yake jefa ƙafar hagu gaba kamar ba tasa ba. Da ya rage saura buhun rufi aka tsaya. Sai na ga Sarki ya taso daga kujerarsa ya sa hannu a aljihu. Na ce a raina, to, alhamdu lillahi. Ashe ba gefe zai kira shi ba. Ya tsaya a tsakiyar fili ya ɗaga murya.

"Jama'a, ku saurara! Yau an kawo mini goro har gida. Yaya Abu ce, ga ta can. Wai ƙanenta ya gaji, a taimaka a ba shi basilla." Ya zaro basilla daga aljihu ya cilla, ta faɗi a gaban Ilu. "Ɗan Fillo, ga ta nan. In ka gaji ɗauka, ba dole. Sai mu nemo namiji ya rufe mana mota."

Aka fashe da dariya. Mutanen da ko yawu babu a bakinsu suka samu ƙarfin dariya. Har 'yan inuwa, su da suka san abin a jikinsu, wasunsu suna tayawa. Ni kuwa da matsami a hannu na miƙe na ce, "Sarki, ka ji tsoron Allah! Da bakin azumi ka yi mini alkawari!" Ba wanda ya ji ni, ko kuwa sun ji ne ya ƙara musu daɗi.

Ilu ya juyo ya dube ni. Tun da uwarmu ta haife shi bai taɓa yi mini wannan kallon ba. Sannan ya tsallake basillar, ya ƙara tamke rawanin ƙugunsa, ya gyara gammo, ya je ya tsaya a gaban masu ɗorawa. Na yi kansa, wani ya tare ni da hannu ya ce, "Haba Yaya Abu, bar maza su yi aikinsu."

Suka yi lilo da buhun suka wurga. Tun daga inda nake na ji sautin da ya fito daga ƙirjinsa. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe, suka daɗe a lanƙwashe, sannan ya miƙe. Tafi ya tashi. "Sai kai, dogo! Sai kai, na Ladi!" Ya taka katakon. Ba sassarfa ya yi ba, ba shi da ita. Ya sa ƙafar dama ya jawo ta hagu, ya sa ta dama ya jawo ta hagu, katakon yana lilo, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi. A tsakiya ya tsaya. Tafin ya ɗauke. Ƙosai ya ƙone a kaskona, ina jin ƙaurin na kasa juyawa. Sai ya ƙara takawa. Ya kai. Ya sunkuya ya saki buhun a mazauninsa, fili ya ɗauki ihu, direba ya cilla goro sama.

Ilu bai cafe ba. Ya zauna a kan buhun da ya kai, ya dafa hannuwa a baya yana kallon ƙafafunsa. Aka ce ya sauko, bai motsa ba. Aka sake kira ana dariya, wai sarauta yake ji. Direba ya danna hon, ya leƙo ya ce a sauke masa mutumin nan, yana so ya yi nisa kafin magariba. Sai da wani ya hau ya taɓa shi, ya juyo ya yi wa na ƙasa alama da hannu, sannan dariyar ta mutu. Wandon Ilu ya jiƙe, shi bai sani ba.

A kafaɗa aka sauko da shi ta kan katakon nan, ƙafafunsa suna reto. Aka kwantar da shi a gindin ceɗiya. Kafin in gama kwance rawanin ƙugunsa an ja tamfol, an ɗaure, mota ta tashi. Aka kira sallah. Na ɗebo kunu na kai bakinsa, ya kawar da kai. Daga hannun wani ya karɓa. Na nemi Sarki da ido, aka ce ya tafi alwala.

Washegari a kan buhuna aka shimfiɗa shi, wata motar ta sauke mu a Garo, daga nan amalanke ya kai mu gida. Ladi ta fito da cikinta, ta gan shi, ta zauna a ƙasa. Aka kira maɗori, wani tsoho mai sanyin hannu, ya bi bayan da yatsa gaɓa-gaɓa, ya ce shi karaya yake ɗorawa, nan kuwa bai ji abin da ya karye da zai kama ba. Aka sha rubutu, aka yi hayaƙi, aka yi sakiya. Asibiti sai Kano, ba wanda ya ma kawo zancen, da me za a je. Daga fuloti aka aiko da gaisuwa da ƙwaryar gyaɗa, amma ba wanda ya tako. Ilu bai sake tsayawa a kan ƙafafunsa ba har ya koma ga Allah.

Matan ƙauye kuwa suka samu abin taunawa. Wai ni na ja masa, wai da na bar shi da ya lallaɓa har sallah. Ban karɓa ba a lokacin, yau ma ban karɓa ba. Ni inuwa na nema masa. Wanda ya karɓi gorona ya tozarta mu a tsakiyar fili, da waɗanda suka yi tafi, su suka san abin da za su gaya wa Ubangiji. Sarkin ya daɗe da mutuwa, an ce har Makka ya je. Ni dai ban yafe ba.

Amma abin da ya fi ci mini rai, Ilu ya daina yi mini magana. Na kashe murhuna na tare a gidan, don Ladi ba ta iya ɗaga shi da cikin nan. Ni ke juya shi, ni ke wanke shi, ni ke sake masa shimfiɗa. Yana bari, don ba shi da yadda zai yi, amma fuskarsa tana bango. In yana son ruwa Ladi yake kira, ko da ni ce a kansa. Haka muka ƙarasa azumin.

Ranar sallah gari ya watse zuwa idi. Ladi ta shiga maƙwabta ɗebo wuta. Ina zaune a bakin ƙofar ɗakin ina gyaran ɗan waken da muka samu, muna jiyo kabbara daga nesa. Sai na ji ya ce, "Yaya."

Na ajiye faifan na shiga na durƙusa kusa da shi. Na shirya wa zagi, na shirya wa kuka, duk wanda ya zo zan ɗauka.

Ya ce, "Ranar nan. Tun daga tsakiyar katako kunnuwana suka toshe, ban ƙara jin komai ba." Ya juyo da fuska wajena. "Da na kai shi, me suka ce?"

Na dube shi. Ya rame, idanunsa sun faɗa, dogayen ƙafafun nan suna miƙe a ƙarƙashin zane inda na ajiye su tun asuba. Kuma da gaske yake tambaya, yana jira.

Na ce, "Sun yi ihu. Sun ce babu kamarka a fulotin."

"Har Sarki?"

"Har shi ya yi tafi."

Ya lumshe ido ya yi murmushi, irin wanda rabona da gani tun kafin azumi. Ya daɗe a haka. Ni kuwa na cije leɓe har na ji ɗanɗanon jini, don kada abin da ke bakina ya fito a ranar sallah.

Can ya buɗe ido ya ce, "Yaya, juya ni. Wannan gefen ya gaji."

Na sa hannu biyu na juya shi.